Iri ba ya tsira sai ƙasa ta jiƙa

Mu ma'aikatan gidan radiyo mun san abu guda: ko awa nawa ka yi gaban micro, in mai saurare bai kunna akwatinsa ba, da iska kake magana. Haka wa'azi yake. Yau bari mu dubi na Kirista a ƙasarmu, don akwai darasi a ciki ga kowa.

Turawan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka kafa tasha a Tsibiri kusa da Maradi. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. A 1950 suka buɗe asibitin Galmi, sannan ta kutare a Danja. Ga lakkol, ga magani, ga littafi cikin harshenmu. Amma ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƴan Nijar ba.

To, mi ya sa? Ai marar lahiya da ya tahi Galmi waraka ya je nema. Ya sha magani, ya ji wa'azi, ya yi godiya, ya koma gida ya ɗauki butarsa. Zuciyarsa tana ƙoshe da abin da ta riƙe. Waɗanda suka karɓa kuwa, galibi dama suna da wata tambaya da ke cin su tun kahin mai wa'azi ya zo. Su kansu Kirista sun san haka: cikin Linjilar Matta sura 13 akwai misalin mai shuka, iri guda ne, amma wani ya faɗa kan hanya, wani kan dutse, wani cikin ƙaya, wani a ƙasa mai kyau.

Wani ɗan mishan, Tony Rinaudo, mutumen Ostireliya, ya ga irin wannan a gonakin Maradi. Shekaru suna dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa kututturan da ake sarewa suna da saiwa mai rai a ƙasa, gyara kawai suke so. Daga nan sassabin zamani ya bazu. Abin da ke da saiwa shi ke tashi, dashe na tilas bushewa yake.

Shi ya sa muke ce ma fastoci da masu bishara: ku saurara kahin ku yi magana. Buhun hatsi lokacin yunwa ba ya sayen imani, kuma zagin abin da mutum ya gada rufe kunnensa yake yi. Halinku a unguwa, biyan bashi, zuwa gaisuwar mutuwa, shi ne wa'azin da ake fara ji.

Mu sauran jama'a ma akwai namu. Ba mu manta Janairun 2015 ba, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, aka yi asarar rayuka. Wuta ba ta fid da kowa daga addininsa ba, tsoro kawai ta bar ma maƙwabta. Zuciya a hannun Allah take, kowa ya faɗi tasa cikin ladabi, ya bar mai saurare da zaɓinsa.

Allah ya ba mu zaman lahiya da damana mai albarka.