Shekarata ta Farko a Bakin Kogin Mersey

A watan Satumba na 2007 na sauka a Liverpool, azumi ya riga ya kama. Jirgin ƙasa ne ya kawo ni daga filin jirgin saman Manchester zuwa tashar Lime Street, ina janye da akwati biyu, ɗaya na tufafi da littattafai, ɗayan kuma na kuka da busasshiyar kuɓewa da yajin da Hajiya ta ƙulla min da hannunta. Karatu ne ya kai ni, a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Pembroke Place, wadda aka kafa tun 1898. Iyakar sanina da garin a lokacin ƙwallo ce. Ina cikin waɗanda suka cika gidan kallo a unguwarmu a daren wasan Istanbul na 2005, lokacin da AC Milan ta zura uku kafin hutun rabin lokaci, Liverpool ta rama duka ta kuma ɗauki kofin.

Abin da ya fara tarbata shi ne iska. Ba ta zuwa da ƙura, da danshi take zuwa da ƙanshin gishiri, ta biyo tituna daga yamma ta ratsa kowace riga. Sai kuma harshen mutanen garin. Na yi shekaru ina karatu da Turanci, amma direban bas ya yi min magana na tsaya ina kallon bakinsa. Kalmominsu daga maƙogwaro suke fitowa, ƙarshen zance ya ɗaga sama kamar tambaya. Daga baya na fahimci cewa harshen ma teku ce ta haife shi, domin 'yan Ireland da suka kwararo lokacin yunwar shekarun 1840, da 'yan Wales maƙwabta, duk sun bar sawunsu a ciki. Mutane ne masu saurin sabo. Ka tambayi tsohuwa hanya, sai ta fasa inda za ta, ta raka ka har kwana, tana ba ka labarin jikokinta.

Ba da taswira na koyi garin ba, da ƙafa na koye shi. Jami'a tana kan tudu, kuma duk titin da ka bi kana gangarawa, ƙarshensa ruwa ne. Ranar Asabar ta farko na gangara ta Brownlow Hill na ratsa kasuwa har na ɓulla Pier Head, inda manyan gine-gine uku suke fuskantar kogi. Mafi shahara a cikinsu, Royal Liver Building, an gama shi a 1911, da tsuntsaye biyu na tagulla a ƙololuwarsa, ɗaya yana duban teku ɗaya yana duban gari. Kogin ya cika ya batse, launinsa kamar kunun kanwa. Da na dawo wajen da yamma, sai na tarar ruwan ya janye, laka ta fito fili, fararen tsuntsayen teku suna kiwo a kanta. Ni da na taso inda kogi ke cika da damina ya ƙafe da rani, ban taɓa ganin wanda ke cika ya janye sau biyu a yini guda ba. Tsakanin cikarsa da janyewarsa a wasu ranakun akan sami kusan mita 10.

Wannan halin na kogin shi ya gina Liverpool. Tunda jirgi ba zai iya sauke kaya a inda ruwa ke guduwa ya bar shi a laka ba, sai suka gina matsayar jirage mai ƙofa a 1715, wadda ke riƙe ruwa a ciki ko kogin ya janye. Daga ita aka yi ta ƙara wasu har suka jeru mil-mil a bakin ruwa. Albert Dock, da aka buɗe a 1846, ita na fi zuwa: manyan sito-sito na jan bulo a kan ginshiƙan ƙarfe, ba katako a jikinsu saboda tsoron gobara. A zamanina babu sauran kaya a ciki, an mai da su gidajen tarihi da wuraren cin abinci, aikin lodi ya koma Seaforth a arewa inda ake sauke kwantena.

A gidan tarihin jiragen ruwa da ke wurin ne na ci karo da sunan da ya tsayar da ni, Elder Dempster. Kakana ya yi awon gyada a Kano tun yana saurayi, kuma muna yara yakan ba mu labarin yadda ake jera buhuna a yi dala, a loda su a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan jirgin ruwa ya kwashe zuwa ƙasar Turawa. A bakinsa labarin a Ikko yake ƙarewa. Ga ni tsaye a inda ya ci gaba. A wancan zamani jiragen kamfanin Elder Dempster ne suke zirga-zirga tsakanin Liverpool da gaɓar Afirka ta Yamma, kuma tun da dogo ya iso Kano a 1911, gyada da auduga da fatu suka kama wannan hanya. John Holt, da muka taso muna jin sunan kantinsa, kamfanin Liverpool ne. A tsallaken kogi kuma akwai Port Sunlight, ƙauyen da William Lever ya gina wa ma'aikatan masana'antar sabulunsa tun daga 1888, sabulun da manjan Afirka ya shiga cikinsa. Na je na ga gidajen, kowanne da lambunsa da furanninsa. Na yi murna da ganinsu, na kuma tuna manomin da ya kai gyadarsa sikeli, farashi ba a hannunsa ba.

A saman benen ginin gidan tarihin jiragen ruwan, an buɗe gidan tarihin cinikin bayi wata guda kafin zuwana, a Agustan 2007. Jiragen Liverpool sun kwashi 'yan Afirka kimanin miliyan ɗaya da rabi zuwa ƙetaren Atilantika kafin Birtaniya ta haramta cinikin a 1807, da yawansu daga Bonny da Kalaba. Na ga mari da sarƙa, na ga zanen cikin jirgi da mutane a jere babu wurin juyi. Bayan na fito, kallon da nake yi wa manyan gine-ginen Castle Street ya sauya. Duk da haka ban ƙi garin ba. Majalisarsa ta fito fili ta nemi afuwa a 1999, kuma a lokacin malaman firamare suna kawo yara su nuna musu abin da kakanninsu suka yi. A ganina garin da ya iya wannan ya cancanci a zauna da shi a yi hira.

Inda na sami gida kuwa shi ne Toxteth. Wani ɗan ajinmu ɗan Sudan ne ya kai ni masallacin Al-Rahma shan ruwa. Aka shimfiɗa leda a ƙasa, ga dabino, ga sambusa, ga shinkafa da naman rago, ga shayi mai kanumfari. Yawancin jama'ar Yamalawa ne da Somaliyawa, waɗanda iyayensu da kakanninsu suka zo suna aikin jirgi, wasu a ɗakin wuta suna zuba gawayi. Wani dattijo Basomale da ke gefena ya tambaye ni ƙasata. Da na ce Najeriya, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, na san Apapa tun ba a haifi babanka ba." Na ce, "Allah ya ƙara lafiya, Baba." Daga ranar, duk Juma'a sai ya tambayi karatuna, ya kuma yi min faɗa idan ya ga rigata ba ta da kauri. A Lodge Lane na sami mahaucin halal da shagon da ke sayar da garin semo da manja, miyar kuka ta dawo cikin rayuwata.

Hunturu ya yi min nauyi. A Disamba, kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a cikin lacca ɗaya. Abin da ya riƙa fitar da ni daga ɗaki shi ne jirgin fito, in biya kuɗi kaɗan in tsallaka Seacombe in dawo, ina kallon garin daga tsakiyar ruwa da manyan majami'unsa biyu a kan tudu. Sai kuma ƙwallo, wadda ta ba ni mamaki, domin da son ƙungiyar Liverpool na zo amma 'yan Everton ne suka fi jana a jiki. A shekarar ne suka sayo Yakubu Aiyegbeni, ga Joseph Yobo a baya, kuma da mai tasi ya ji ni ɗan Najeriya ne sai ya ɗauko zancen Daniel Amokachi, ɗan Kaduna, da ƙwallaye biyun da ya ci Tottenham a hanyarsu ta ɗaukar kofin FA a 1995.

Dattijon nan Basomale ne ya aike ni Brougham Terrace, ya ce kada in bar garin ban ga wurin ba. A gida mai lamba 8 ne wani lauya ɗan garin, Abdullah Quilliam, wanda ya musulunta a 1887, ya buɗe masallaci a 1889. Shi ne kuma ya je Legas a 1894 a madadin Sarkin Daular Usmaniyya wajen buɗe masallacin Shitta-Bey. Lokacin da na je ginin a rufe yake, fenti ya ɓare, ofishin rajistar aure da ya daɗe a wurin ya tashi. Na jima a bakin ƙofar ina lissafin cewa an yi kiran salla a nan tun Turawa ba su ci Kano ba. An gyara shi an sake buɗe shi a 2014, bayan na daɗe da dawowa gida, kuma ɗalibanmu da suka je bayana sun ce min yanzu ranar Juma'a sai ka yi sammako kafin ka sami sahu a ciki.