Zuwa ga ƙanwata, a kan tsinkewar murya

Ƙanwata Hauwa,



Na saurari waƙar da kika turo, na kuma ji inda muryarki take tsinkewa in kin ɗaga ta. Kwantar da hankalinki. Ba ciwo ba ne, balle sammun da Inna take zargi. Duk mawaƙi yana da wannan gaɓar.

A cikin maƙogwaro akwai wasu tantani guda biyu. Iskar huhu ke ratsawa tsakaninsu, su yi ta kaɗawa, sauti ya fito. A maganar yau da kullum, na mace sukan buɗe su rufe kimanin sau 200 a daƙiƙa ɗaya, na namiji wajen 120. Tun 1854 wani malamin waƙa, Manuwel Garsiya, ya leƙa nasa da ɗan madubin likitan haƙori da hasken rana, ya ga yadda suke aiki.

In kina waƙa ƙasa-ƙasa, tantanin suna da kauri, gaba ɗayansu ke motsi, har ki ji ƙirjinki yana amsawa. Ita ake kira muryar ƙirji. In kin hau sama kuwa, wata tsoka ce ke jan su, su miƙe su sirance kamar an ɗaure tsirkiyar garaya, gefensu kaɗai ke kaɗawa. Wannan ce muryar ka, wadda masu guɗa suke rangaɗawa da ita ranar biki.

Tsinkewar tana zuwa ne daidai inda tsokar muryar ƙirji za ta sakar wa ta muryar ka aiki. Ke kuma a nan kike ƙara ƙarfi, kina son jan muryar ƙirji har sama ta ƙarfin tsiya. Dole ta kuɓuce miki. (Mutanen duwatsun Suwizalan da gangan ma suke tsinka ta, sun mai da abin salon waƙa.)

To, in kin kusa gaɓar, ki rage amo. Ki riƙa jan “uu” a hankali daga ƙasa zuwa sama, ki sake saukowa, kaɗan-kaɗan kowace rana, har mahaɗin ya yi laushi. Ki yawaita shan ruwa, musamman yanzu da hunturu ya kama. Duk ranar da kika ji muryar ta dishe, ki huta. In ta wuce mako uku a haka, sai asibiti.

Bayan wata ɗaya ki sake rera waƙar nan ki turo mini. Ki gaishe da Umma da kyau.

Yayarki,
Bilkisu