Mun ɗauka ka rasu

Shekara biyu ke nan da aka ba ni shugabancin shirye-shirye a gidan rediyonmu, nan Maraɗi. Kowa "Shef, Shef", amma wallahi in na koma gida ji nike kamar ban yi komi ba: sa hannu, taro, rabon kuɗin man babur. Mikro kuwa na bar ma yara.

Ran nan a Jiratawa, cikin gonakin rani, ina tambayar hanya, wata tsohuwa mai tsinkar zogale ta ɗago kai: "Ɗana, wagga murya, ba kai ne mai shirin manoma ba? Mun ɗauka ka rasu."

Na yi dariya, amma daren nan barci ya ƙi zuwa.

Yanzu kowace Asabar ina ƙauye da rikoda. Wanga sati Tibiri za ni, takardun biro su jira Litinin.