Sunan da Mai Shi Yake Amsawa

Jikata da ke karatun tarihin zane-zane a jami'a ta zo hutu nan Wurno da jaka cike da takardu. An ba ta aikin rubutu a kan zanen cocin Katolika da na Furotesta a Turai. Ta gama komai, kan magana kaɗai ya rage. Bayan la'asar ta zauna bakin tabarmata ta karanta mini wanda ta zaɓa: "Masu Fasa Gumaka da Masu Bautar Gumaka." Ta ce, "Kaka, ai ya yi armashi ko?" Na ce mata armashi kam akwai, amma ta fara ba ni labarin mutanen.

Ta ce rabuwar ta soma a 1517, lokacin da Martin Luther ya soki shugabannin coci a Jamus. A 1566 jama'a suka bi majami'u a ƙasar Holan suna farfasa mutum-mutumi da hotuna. Su kuwa Katolika, a taronsu na Trent da aka rufe a 1563, sun yanke cewa hotunan za su zauna domin girmamawa da karantar da jama'a, da sharaɗin a kauce wa batsa. Na tambaye ta ko duk Furotesta ne suka yi fashe-fashen. Ta ce a'a, ɓangaren Zwingli da Calvin ne suka tsananta, shi Luther har yana da amini mai zane, Lucas Cranach, wanda ya yi wa majami'unsu hotuna. Na sake tambaya ko Katolika sun yarda cewa bauta suke yi wa abin da suka sassaƙa. Ta ce sam, sun musanta. Na ce to, 'yar nan, layi ɗaya kin ɗora wa gida biyu laifin da ba su amsa ba. Kalmar gunki kanta hukunci ce a bakin Bahaushe. In kin ce mutum-mutumi kin faɗi abin da ido ya gani. In kin ce gunki kin riga kin kira mai shi mushiriki.

Ba a littafi na fara sanin wannan ba. Ina saurayin malami a wata firamare ta wajen Goronyo, na rubuta a allo da manyan baƙaƙe: "Yadda Fulani Suka Kori Haɓe." Haka aka karantar da mu, haka na kwafo. Rabin ajin nan yaran Gobirawa ne, da zanensu a kumatu. Akwai wani mai kaifin kai da kullum hannunsa ke sama, ranar bai ɗaga ba, washegari ma haka. Ran kasuwa mahaifinsa ya tare ni, ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malam, tun da munka tashi Gobirawa munka ji ana kiranmu. Haɓen nan naka, su wa ke nan?" Ban sami amsa ba, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina.

Haɓe kalmar Fulatanci ce, jam'in Kaɗo, wato wanda ba Bafillace ba. Suna ne da maƙwabci ya raɗa, ba mai shi ne ya raɗa wa kansa ba. Ba wanda ke musun abin da ya faru: Alƙalawa ta faɗi a 1808, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a yaƙin, aka sake gwabzawa a Gawakuke a 1836, shekara guda kafin rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda hubbarensa ke nan garinmu. Amma kan maganata ya mai da jihadin faɗan ƙabila biyu, alhali cikin manyan almajiran Shehu akwai Abdussalami na Gimbana, wanda ba Bafillace ba ne, kuma akwai Fulanin da ba su bi Shehu ba. Daga Rabah har Goronyo auratayya ta cakuɗa mu, yaro ɗaya yana iya samun kaka a kowane ɓangare.

Daga baya na ga littattafan Turanci biyu da suka fito a shekara ɗaya, 1967, a kan tarihi ɗaya. Johnston ya kira nasa daular Fulani ta Sakkwato. Murray Last, wanda ya yi bincikensa a hannun Waziri Junaidu, ya kira nasa halifancin Sakkwato. Tun daga bango kowanne ya gaya maka da wane ido zai dubi abin. Ni na fi karkata ga na biyu, domin ya fi kusa da abin da mutanen suka ce suna kafawa, ko da yake Bagobiri yana da nasa bayanin, kuma ya cancanci a ji shi da sunansa.

Jikata ta ce wannan rigimar tana cikin nata karatun. Masana sun daɗe suna kiran yunƙurin Katolika da suna mai nufin martani ga gyaran Furotesta, kamar ba su da abin yi sai mai da amsa, har wasu suka ce a kira shi gyaran Katolika kurum. Ko sunan Furotesta daga ƙorafin da wasu sarakunan Jamus suka gabatar a Speyer a 1529 ya samo asali, su da kansu masu bin Linjila suke kiran kansu. Sai dai wannan ya zauna, jikokinsu suna amsa shi, don haka ban ga laifin amfani da shi ba. Mu ma mun ga zamanin da ake jifan juna da 'yan ƙabalu da 'yan sadalu, ga 'yan bidi'a da har yanzu ke fita daga lasifika.

Ta soke layin farko ta rubuta: "Zane a Majami'un Katolika da na Furotesta Bayan 1517." Ta ɓata fuska, ta ce ba gishiri. Na ce ta zuba gishirin a ciki, inda take da filin kawo hujja, ta jera Rubens na Antwerp da Rembrandt na Amsterdam mai karatu ya gani da idonsa. Sai ta tsaya da biro a hannu ta ce, "To Kaka, wa zan fara ambata?" Muka yi ta juya shi har aka kira magariba. Ta bar Katolika a gaba don su suka riga kafuwa, ta rubuta dalilin a shafin farko.