Daga Hunƙuyi zuwa Samaru: hanyar da ke cin rabin albashi

Duk wanda ya tsaya a babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, zai ɗauka cewa jama'ar da ke tururuwar shiga daga unguwannin da ke kewaye suka fito: Samaru, Hayin Dogo, Bomo, Zango ko Palladan. Galibinsu haka ne. Amma a cikinsu akwai waɗanda suka baro gida tun bayan sallar Asuba daga garuruwan Kudan, Maƙarfi da Ikara, kuma ba za su sake ganin iyalinsu ba sai bayan Magariba. Ni ɗaya ne daga cikinsu. A Hunƙuyi nake zaune, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan, kuma shekaruna da dama ina bin wannan hanya safe da yamma.

Da aka buɗe jami'ar a shekarar 1962, an tsara ta a matsayin gari mai cin gashin kansa, da gidajen malamai da manyan ma'aikata a cikin harabarta. Ƙananan ma'aikata kuwa, wato masu gadi, masinjoji, direbobi, leburorin gonakin bincike da mataimakan ɗakunan gwaje-gwaje, mafi yawansu a waje suka nemi matsuguni, kuma su da ɗalibai ne suka bunƙasa unguwannin da ke makwabtaka da ita. Da jama'a ta yi yawa, kuɗin haya ya tashi, sai wanda yake da gidan gado da gona a garinsu ya ga babu dalilin barin su ya kama ɗaki ɗaya a Samaru. Ya zaɓi ya biya kuɗin mota maimakon kuɗin haya. A wancan lokaci lissafin yana fita.

Hanyarmu ta tashi daga Hunƙuyi ta gangaro kudu, ta ratsa gonaki da ƙauyuka, ta biyo ta Basawa inda barikin soja yake, sannan ta haɗu da titin Sakkwato wanda ya wuce ta gaban jami'a. Idan mota ta cika da wuri kuma hanya ta bushe, tafiyar ba ta wuce ta rabin sa'a da 'yan mintuna ba. Sai dai motar haya ba ta san agogo ba, cikar kujeru ta sani. Fasinja guda ya rage, sai a yi ta jira, ɗan kamasho yana ta kira, ma'aikaci yana ta duba wayarsa. Sau da yawa mukan haɗa kuɗin kujerar da ta rage domin direba ya tashi.

Kowane yanayi da irin fuskar da yake ba wannan hanya. Da hunturu hazo kan rufe ta har direba ya kunna fitila da safe, masu hawa acaɓa su iso ofis gira da gemu sun yi fari fat. Da damina dawa da masara kan yi tsayi har su tsare gefen titi, ƙamshin ƙasa ya cika mota, amma ruwan dare ɗaya ya isa ya mayar da ƙaramin rami tafki. Da kaka kuwa ma'aikaci ba shi da daraja a tasha, domin buhun hatsi da kwandon tumatir sun fi shi kawo wa direba kuɗi. Sai a danne mutum huɗu a baya, biyu a gaba, kaya su cika but har a ɗaure shi da igiya.

Akwai kuma masu tafiyar da ta saɓa da tamu. A Maƙarfi akwai kwalejin kimiyyar lafiya mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020. Wasu daga cikin malamanta da ma'aikatanta a Zariya suke zaune, don haka su da safe arewa suke nufa. Na sha bin wannan hanya idan zan kai ziyara: a kama babban titin Zariya zuwa Kano, wanda aka sake ginawa a 'yan shekarun nan, a sauka a Tashar Yari, sannan a karkata zuwa Maƙarfi ta tsakiyar gonakin rake. A lokacin sara, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila kan tashi daga fadamu, manyan motoci suna lodi a gefen titi. Babban titin ya rage wa mutane lokaci ƙwarai, amma abin da matafiyi ya samu a kansa yakan salwanta a tasha wajen jiran mota ta biyu. Mai fitowa daga Ikara, garin da aka sani da noman tumatir, idan ya biyo ta nan yakan sauya abin hawa fiye da sau ɗaya kafin ya ga ƙofar wurin aikinsa, kuma kowane sauyi sabon ciniki ne da sabon jira.

Lissafin da na ce yana fita a da, ya rushe ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yuli na shekarar 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. A ƙaddara ma'aikaci yana kashe naira 1,500 a rana, zuwa da dawowa, har da acaɓar da za ta kai shi tasha. A ranakun aiki 22 ya kashe naira 33,000, kusan rabin albashin ke nan, bai sayi mudun shinkafa ba, bai biya kuɗin makarantar yara ba.

Za a iya tambaya, me ya hana su tare kusa da wurin aiki? Amsar tana gona. Ƙaramin ma'aikacin da ke zaune a garinsu hatsinsa yake ci, matarsa tana kiwo, yana kuma kusa da tsofaffinsa. Ranar da ya koma gidan haya, sai ya sayi kowane mudu a kasuwa. Saboda haka mutane suka shiga dabaru. Wasu mutum uku kan haɗa kuɗin mai su hau babur ɗaya, da duk haɗarin da ke ciki. Wasu kan kwana wajen 'yan uwa a Samaru daga Litinin zuwa Juma'a, 'ya'yansu su tashi ba uba a gida. Mata ma'aikata sun fi shan wuya, domin ba kowane gida za su kwana ba, kuma ba kowace mota za su shiga da dare ba.

Abin da hanyar nan ta koya mini shi ne, aikin jami'a ba a ƙofarta yake farawa ba. Ɗakin gwajin da aka buɗe a makare da ajin da ba a share ba, a tasha aka fara makararsu. Maganin kuma bai fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata, waɗanda suka saba saya wa mambobinsu shinkafa da filaye, za su iya mallakar bas mai tashi a kan lokaci, ko ta cika ko ba ta cika ba, a riƙa cire kuɗinta daga albashi a ƙarshen wata. Ƙananan hukumomin Kudan, Maƙarfi da Ikara za su iya haɗa hannu da gwamnatin jiha su riƙa cike ramukan ƙananan hanyoyi kafin faɗuwar damina, domin hanyar da ke kai ma'aikaci ofis ita ce ke kai rake da tumatir kasuwa. Ga kuma Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a kan titin Basawa, wadda muke wucewa ta kusa da ita. Ɗalibanta za su iya ƙidaya masu wannan zirga-zirga, inda suke tasowa da lokacin da suke fita, domin a san yawan motocin da ake buƙata.

Shugabannin sassa ma suna da rawar takawa: wajen raba aikin dare da na sassafe, a duba inda kowa yake kwana. Mutumin da ya baro Ikara da duhu domin ya buɗe wa ɗalibai ɗakin karatu ya cancanci a san da shi idan ana tsara jadawali. Allah Ya sa masu iko su ji, Ya kuma kai matafiya gida lafiya.