Kisa bai taɓa rage karnukan titi ba

Fiye da shekara 100 hukumar birnin Madras, wanda yanzu ake kira Chennai a kudancin Indiya, ta yi tana kama karnukan titi tana kashewa. Karnuka ba su ragu ba, ciwon haukan kare ma bai gushe ba. Dalili kuwa a fili yake: muddin juji na nan da ragowar abinci, unguwar da aka share yau, gobe karnukan maƙwabta za su cike ta, waɗanda suka tsira kuma su ƙoshi su ƙara zuba 'ya'ya.

Waɗanda suka fara gano haka ba jami'an gwamnati ba ne. Wasu mutanen gari ne da suka kafa ƙungiyar Blue Cross of India. Tun shekarun 1960 suke cewa a kama kare, likita ya yi masa aikin hana haihuwa, a yi masa allurar rigakafi, a ɗan tsaga kunnensa don shaida, sannan a mayar da shi layin da aka ɗauko shi. Mayarwar nan ita ce ta fi ɗaure wa mutane kai, alhali nan dabarar take, domin karen da ba ya haihuwa shi zai tsare wurinsa, ya hana baƙon kare marar rigakafi shigowa. Sun yi ta yi da kuɗinsu da motocinsu, sai a 1996 birnin ya yarda ya bi tsarinsu, a 2001 kuma Indiya ta mai da shi doka. Har yau ana kai ruwa rana a kotunan ƙasar, gaskiya, don inda aka yi aikin rabi da rabi cizo bai tsaya ba. Ƙasar Bhutan kuwa ta riƙe shi tun 2009, ta yi wa karnuka sama da 150,000 aikin, a 2023 ta sanar cewa ta gama da na titinta.

Me ya kawo mu ciki? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma yara ne suka fi shan wuya. Mu ma muna ciki dumu-dumu.

Ga kuma ta'adar da muka sani a gidajenmu. Mage ta haihu, a zuba 'ya'yan a buhu a ba yaro ya kai bola. Wata biyu kacal take ɗaukar ciki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, to buhu nawa za a yi? Masu cewa aikin hana haihuwar baƙon abu ne, ai fiɗiye bunsuru da sa ba yau muka fara ba. Malamai sun yi saɓani a kan kyanwa da kare, amma da yawa sun halatta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba. Jefar da jariran kyanwa a rana dai babu malamin da ya ce alheri ne.

Don Allah wanda ke da mage ko kare, ya je asibitin dabbobi ya tambayi kuɗin aikin da na allura. In ya fi ƙarfin mutum ɗaya, 'yan layi su haɗa hannu su kira likita, mai unguwa ya sa baki.