Ni na sa hannu

Ɗan yayata shekararsa 16. Shekara uku ke nan da aka harbe shi a ƙafa, daren da 'yan bindiga suka fito daga dajin Rugu suka afka wa ƙauyensu tsakanin Batsari da Safana. A daren aka kashe mahaifinsa. Kafin a kai shi Katsina ƙafar ta lalace, likita ya ce sai an yanke. Yayata ba ta cikin hayyacinta, ni aka miƙa wa takardar, ni na sa hannu. Daga baya muka samo masa ƙafar roba a asibitin ƙashi na Dala, a Kano.

Ran Asabar na same shi ya duƙufa kan waya. Na zaci TikTok ne, har na fara faɗa. Ashe labarin zane yake karantawa na wani Cyborg, na kamfanin DC na Amurka, wanda Marv Wolfman da George Pérez suka ƙirƙira a 1980. Sunan yaron Victor Stone, baƙar fata, gwanin wasanni. Hatsari ya rutsa da shi a ɗakin binciken mahaifinsa, uban ya ceci ransa ta hanyar maye gurbin sassan jikinsa da ƙarfe da na'ura. Da ya farka, maimakon godiya sai ya tsani uban, ya rasa gane shi mutum ne ko inji.

Na ce, ai wannan butulci ne.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Kawu, ba a tambaye shi ba ne."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Shekara uku ina lissafin kuɗin magani da na mota, ban taɓa tambayarsa yadda yake ji ba. Yaron da ke buga lamba tara a unguwa, yanzu ko ana zafi ba ya sa gajeren wando.

Ana ta zaman sulhu a yankinmu, kuma ban ƙi ba, mutane sun gaji, suna son komawa gona. Amma na saurari jawaban, ban ji an ambaci irin waɗannan yaran ba. Ga shi yana ƙara tsawo, robar ta fara matse shi, sai an sake wata.

Na ce ya turo min labarin. Ya ce sai na sa masa data tukuna.